Dodon Kwali Mai Jan Ido: Yadda Ake Haɗa Shi da Batir Ɗaya Don Wasan Tashe

Ranar da azumi ya cika goma, ɗan ƙanwata ya tare ni a zaure ina shigowa daga aiki, ko takalmi ban cire ba. "Kawu, bana dodo zan yi, amma mai ido kamar garwashi." Na ce da me za ka kunna idon? Ya ce kyandir zai guntule ya liƙa a cikin kwali. Kyandir a cikin kwali, a fuskar yaro ɗan shekara tara da ya sha auduga da bunu! Bayan an sha ruwa na zaunar da shi muka yi wanda zan kwatanta a nan, kuma tun daga shekarar ban huta ba, domin yaran layinmu sun gane gidan.

Sana'ata gyaran lantarki ce a wata masana'anta a Bompai. Bompai ta girmi Sharaɗa da Challawa a cikin unguwannin masana'antun Kano, kuma ko da yake da yawa daga kamfanonin da iyayenmu suka yi wa aiki sun rufe, wasu sun koma ɗakunan ajiya, har gobe ba a rasa abu guda a yankin: kwali. Na sabulu, na biskit, na alawa, na taliya, ga shi nan jibge a bakin ƙofofi kafin 'yan bola jari su kwashe. Rabin kayan aikinmu ke nan, kyauta.

Wanda ya tashi a Kano ba sai an yi masa bayanin tashe ba. Daga goma ga watan azumi yara kan bi gida-gida da dare, wannan ya yi gemun auduga, wancan ya shafe fuska da gawayi, ana ba su hatsi ko 'yan canji, manya kuma suna jiran fitowar Nalako, mai farautar gwagware. A Amurka da Ingila akwai wani dare mai kama da wannan ta wata fuska, daren 31 ga Oktoba da suke kira Halowin, inda yara ke shigar ban tsoro suna bin gidaje ana ba su alawa, a kuma rarake kabewa a sa mata fitila a ciki. Can ne aikin sa wa takarda wuta da ƙaramin batir ya fi yaɗuwa, musamman bayan wata mai bincike a jami'ar MIT, Jie Qi, ta mai da shi abin koyar da yara. Mu ba mu da buƙatar aron bikin kowa, muna da dodonmu tun a tatsuniya. Dabarar kawai za mu ɗauka. Sai dai a tuna, a 'yan shekarun nan rundunar 'yan sandan Kano, wadda hedikwatarta ke nan Bompai, ta sha dakatar da tashe a kan titi saboda ɓata-garin da ke fakewa da shi. In shekarar da kake karanta wannan an hana, a yi wasan a tsakar gida ko a zaure. Dodon nan ma ya fi ban tsoro a zaure mai duhu fiye da titin da fitilun Adaidaita Sahu suka haske.

Kayan da za a tanada

Abu biyu kaɗai ne sai an saya, ƙwai da batir.

Ƙwan shi ne ɗan ƙaramin nan mai ƙafa biyu da ake kira LED, irin wanda ke nuna cewa rediyo ko caja tana kunne. Ka nemi mai kaurin milimita 5, ja, guda biyu, ka ƙara biyu ko uku na ko-ta-kwana domin yara ba sa rasa karya ƙafar ɗaya. Masu sayar da kayan gyaran rediyo da talabijin a Sabon Gari suna da shi, kuma ba shi da tsada. In akwai matacciyar tocila ko fitilar caji a gida, ana iya ciro nata, sai dai ƙafafun kan zo gajeru, aikin ya yi wa yaro wuya.

Batirin kuwa faffaɗan nan ne mai kama da kwabo, wanda aka rubuta wa CR2032. Lambar ba ado ba ce: faɗinsa milimita 20, kaurinsa milimita 3.2. Shi ne a cikin makullin mota na zamani da na'urar gwajin suga da cikin kwamfuta, don haka za ka same shi wurin masu agogo ko masu gyaran kwamfuta. Ƙarfinsa bolt 3. Dalilin da ya sa na nace a kansa shi ne ba ya iya tura wuta da yawa a lokaci guda, ko an so ya yi. Wannan rauni nasa shi ne amfaninsa a nan: ba zai ƙona ƙwan ba, ba zai ja yaro ba. Kada wani ya ce bari ya yi dabara da batirin tsohuwar waya ko mai kusurwa huɗun nan na bolt 9. Na bolt 9 zai kashe ƙwan kafin ka ƙifta ido, na waya kuwa in wayoyinsa suka haɗu zafi yake yi har ya kama da wuta.

Sauran kayan na gida ne. Kwali mara kauri sosai, irin na takalmi ko na ganyen shayi babba, kamar tsawon santimita 30 da faɗin 25. Takardar alminiyam, wadda ake naɗe nama ko kifi da ita in za a gasa. Salatif, gam, almakashi, fensir, ƙusa ɗaya ta huda, abin maƙale shanya guda, da robar ɗaure kuɗi ko igiya. Na ado kuma, abin da hannu ya kai: gawayi, alli, auduga, igiyar rama, tsumma. Akwai wani salatif na jan ƙarfe da aka yi musamman don irin wannan aiki, in ka samu ya fi sauƙi, amma ni ban taɓa jiran sa ba.

A kan takardar alminiyam ɗin nan bari in tsaya, domin nan na fara shan kunya. A shekarar farko ba mu da ita a gida, sai na ce ai ledar biskit ma cikinta na ƙyalli, ita ma ƙarfe ce. Muka yanka, muka liƙa, muka ƙawata dodo har da haƙora, aka tara yara, aka kashe fitila, na matsa. Ɗif. Na sake matsawa. Ko gezau. Can cikin duhu na ji muryar yaron: "Kawu, dodon naka makaho ne." Mai gyaran injin da ya fi ɗaki girma, ga shi ledar biskit ta kayar da shi a gaban 'yan firamare. Abin da na manta shi ne, ƙyallin ledar biskit a rufe yake da roba, wuta ba ta samun inda za ta taɓa shi. Tun daga ranar ba na liƙa komai sai na gwada.

Gwaji kafin yanka

Ɗauki ƙwan ka dube shi da kyau. Ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ɗauki batirin: fuska ɗaya sumul take, da rubutu da alamar tarawa, ɗaya kuma ba rubutu, tana da ɗan kaushi. Zura batirin tsakanin ƙafafun ƙwan, doguwar ƙafa a fuska mai rubutu, gajerar a ɗaya fuskar, ka matse da yatsu biyu. Zai kama jawur. Yanzu juya batirin. Ba zai kama ba, kuma bai lalace ba. Shi wannan ƙwai ta hanya ɗaya yake karɓar wuta, kamar titin da ba a shiga sai ta baki guda. Ka bar yaro ya juya shi sau biyar, sau goma, har ya gaji, domin wannan ne darasin da duk sauran aikin ya hau kansa. In an riga an gutsure ƙafafun sun zama daidai, duba gindin ƙwan: gefen da aka ɗan shafe ya yi baje, nan ne gajerar ƙafa take.

Haka za ka gwada alminiyam ɗin. Yanki ɗan siriri, ka sa bakinsa ɗaya a fuskar batir mai rubutu, ɗaya bakin a doguwar ƙafa, gajerar ƙafa kuma tana manne da ɗaya fuskar. In ƙwan ya kama, takardarka ta ƙwarai ce.

Wani abu game da launi. Idanun biyu su zama iri ɗaya. Jan ƙwai yana kamawa da abin da bai wuce bolt 2 ba, fari da shuɗi kuwa sai wajen bolt 3. In ka haɗa ja da fari a layi ɗaya, jan zai shanye wutar ya bar farin a mace ko yana ɗan lumshi, ka yi ta neman laifin da babu. Ja ne babban yaya a gidan: wani injiniya Ba'amurke, Nick Holonyak, ya samar da shi a 1962. Shuɗi mai haske sai a farkon shekarun 1990 wasu Japanawa uku suka ci nasararsa, har aka ba su kyautar Nobel a 2014, kuma farin da ke cikin tocilarka shuɗin ne aka lulluɓe da wani sinadari, shi ya sa cinsu ɗaya. Ga dodo dai ja ya fi dacewa.

Fuskar dodo

Zana fuskar a kwali yadda yaro yake so, ka bar shi ya yi muninta da kansa. Sharaɗi biyu kawai zan kafa.

Na farko, yaron ba ta idon dodo zai riƙa gani ba, ta bakinsa zai leƙa. Kara kwalin a fuskarsa, ka sa alama daidai idanunsa, nan za a yanke wangamemen baki a bar haƙora sama da ƙasa. Idanun dodo kuma su hau can saman goshin yaro. Ta haka haske ba zai kashe masa ido ba, ƙarfe ba ya kusa da ƙwayar idonsa, kuma dodon zai fi yaron tsawo, abin da ke ƙara rikita ƙannensa.

Na biyu, a bar wa dodo kunne babba a gefen dama, daidai tsayin idanun, faɗinsa kamar santimita 5, tsawonsa 6, a jikin kwalin ba wanda aka liƙa ba. Wannan kunne shi ne makunnin. Ja layi da bayan almakashi inda kunnen ya haɗu da fuska, ka lanƙwasa shi baya sau ɗaya don ya saba.

Huda ramukan ido biyu da ƙusa, a jere, tsakaninsu kamar santimita 8. Wannan da yankan baki aikin babba ne. In za a yi fenti ko shafa gawayi da ruwa, a yi yanzu a bar shi ya bushe ƙayau, domin danshi da wannan aiki ba sa ga-maciji.

Shimfiɗa hanyar wuta

Kifa kwalin, duk abin da ya rage a bayansa za a yi.

Wuta ba ta aiki sai ta fita daga fuska ɗaya ta batir, ta ratsa ƙwan, ta komo ɗaya fuskar. In hanyar ta yanke ko da kaurin gashi ne, shi ke nan. In kuma ta sami gajerar hanya ta komo gida ba tare da ta bi ta ƙwan ba, can za ta bi, batir ya ƙare a banza. Saboda haka abin da za mu shimfiɗa layi biyu ne kamar na dogo, suna tafiya tare amma ba sa taɓa juna har abada, ƙwayayen kuma su zama gada a tsakaninsu.

Fara da fensir. Ja layi ɗaya a kwance santimita 1 a saman ramukan ido, wani kuma santimita 1 a ƙasansu. Na sama rubuta masa alamar tarawa, na ƙasa alamar ɗebewa. Layin ƙasa zai tafi wajen kunne ya tsaya kafin ya kai lanƙwasar, kamar saura santimita 2. A nan ɗora batir ka zagaye shi da fensir, yadda ƙarshen layin zai faɗa tsakiyar da'irar. Layin sama kuma zai wuce, ya tsallaka lanƙwasar ya hau kan kunne kamar santimita 2, sannan ya karya kwana ya gangaro ƙasa har daidai tsayin da'irar batir. Naɗe kunnen baya ka gani: ƙarshen layin sama ya kamata ya sauka daidai kan da'irar. In bai sauka ba, goge ka gyara tun ana fensir.

Yanzu alminiyam. Falle ɗaya ba ya jure hannun yara, don haka yanki mai faɗin santimita 3 ka ninka shi uku a tsaye ya koma santimita 1, ka goge shi da bayan cokali ya kwanta. Yi guda biyu, kowanne ya fi layinsa tsawo. Shafa gam kaɗan a kan layin fensir, ba a kan alminiyam ba, ka kwantar da shi. Gam ba ya wuce da wuta. Duk inda ya ɓata saman layin, wurin ya mutu, shi ya sa nake hana yara riƙe robar gam a wannan mataki, su da suke ganin yawan gam shi ne ƙarko.

Kowane layi ya zama yanki guda tun daga farko har ƙarshe. A wurin kwanar da ke kan kunne kada ka yanke ka ɗora wani. Lanƙwasa shi sama tukuna, wato kishiyar inda za ka, sannan ka dawo da shi ƙasa, zai ba ka kwana tsaf ba tare da ya rabu ba. Inda layin ya tsallaka lanƙwasar kunne kuma, kada ka ja shi ya yi tauri, ka ɗora masa salatif domin nan ne zai sha naɗewa da buɗewa dare bayan dare.

Ga wani tarko da ko manya yake kamawa. Fuskar batir mai rubutu ba a sama kaɗai ta tsaya ba, ta zagayo ta rufe gefen batirin gaba ɗaya. Ɗaya fuskar 'yar da'ira ce kawai a tsakiya. Ke nan in ka kwantar da batir a kan layin ƙasa, bakinsa na iya taɓa alminiyam ɗin, fuska biyu su haɗu ta layi ɗaya, abin da mu masu gyara ke cewa ya yi shot. Ƙwai ba zai kama ba, batir ya yi ɗumi, cikin ɗan lokaci ya mutu murus. Maganinsa ɗan guntun salatif: liƙa shi a kan layin daidai inda bakin batir zai zauna, ka bar ƙarshen layin kaɗai a buɗe a tsakiyar da'ira. Ka ƙara ninke wannan ƙarshen sau biyu ya yi ɗan tudu, don ya tokari cibiyar batirin.

Ɗora batir, fuska mara rubutu a ƙasa, rubutu yana kallonka. Kama shi da salatif siriri ta gefe biyu, ka bar tsakiyarsa fili inda kunne zai sauka.

Dasa idanu

Zura ƙafafun ƙwan ta gaban fuska su fito ta baya, kan ƙwan ya toshe ramin. Kafin ka lanƙwasa komai, juya shi yadda doguwar ƙafa za ta kasance a sama. Sai ka kwantar da doguwar a kan layin sama, gajerar a kan layin ƙasa. Haka ɗaya idon. Da zarar an lanƙwasa su ba a ƙara gane doguwa da gajera, shi ya sa nake sa yara su ɗiga wa doguwar jan biro ko su ɗan naɗe bakinta tun farko.

Duk nasarar aikin nan a waɗannan wurare huɗu take, inda ƙafa ta haɗu da layi. A masana'anta ma haka ne, in inji ya tsaya, sau da yawa ba wani babban abu ne ya ƙone ba, wata waya ce ta saki a inda aka ɗaure ta. Ƙafar ƙwai siririya ce, mulmulalliya, in ka ɗora ta kawai ka manna salatif, ɗan wurin da ta taɓa bai taka kara ya karya ba, kuma salatif yana saki in ya ji zafi. Abin da nake yi shi ne: in lanƙwasa bakin ƙafar ya yi kamar ƙugiya don ta kwanta da faɗi, in yanko ɗan alminiyam kamar girman farce in rufa a kanta, ƙafar ta zama tana tsakanin ƙarfe biyu, in danna da bayan fensir har sai siffar ƙafar ta fito ta sama, sannan in ja salatif da ƙarfi in rufe. Ka kula kada wannan ɗan marfi ya zarce ya taɓo ɗaya layin, kuma kada ƙafafun biyu su haɗu a bakin rami.

To, a kashe fitila. Naɗe kunnen dodo baya ka matse shi a kan batir.

In aka yi sa'a, idanu biyu za su buɗe jawur a lokaci guda, ka saki kunne su mutu. Na ga wannan fiye da sau talatin amma har yanzu ina jin daɗin ihun da ke biyo baya. Wata 'yar maƙwabcinmu mai shekara shida, da ta ga nata ya kama, sai ta saki kwalin ta ruga bayan yayarta, can kuma ta leƙo ta ce, "Baba, sake murɗe masa kunne." Dodon da ake tsorata ta da shi in ta ƙi barci, yau ga shi sai an ja masa kunne yake buɗe ido.

In bai kama ba

Kada ka fara yage komai. Bi shi daki-daki, daga mai sauƙi.

In duka biyun sun ƙi, juya batirin tukuna, domin shi ne kuskuren da ya fi yawa. In bai yi ba, taɓa shi: ɗumi alamar layukan sun haɗu a wani wuri, ko dai a bakin batir ko wani ɓurɓushin alminiyam ya faɗa tsakani. In da sanyinsa, cire shi ka gwada da ƙwai na ko-ta-kwana, wataƙila tun a kanti ya gaji. In batir lafiya lau, duba lanƙwasar kunne ko layin ya tsage.

In ɗaya ya kama ɗaya ya ƙi, batir da layuka ba su da laifi. Danna ƙafafun wanda ya ƙi da yatsa. Ya kama? Haɗinsa ne ya yi sako-sako, sake shi. Bai kama ba? An juya ƙafafunsa, zare shi ka mayar daidai.

In kuma yana kamawa yana ɗaukewa, wal-wal, haɗi ne bai zauna ba. Wasu yaran ma sun fi son haka, wai dodo yana ƙifta ido. Ni ba na gyara musu.

Rufewa da ado

Idan komai ya yi, yanko takarda mai kauri ko wani kwalin ka rufe duk bayan, daga layin sama har na ƙasa, ka bar wurin batir da kunne kawai. Wannan ba kwalliya ba ce. In azumi ya faɗo a zafi, yaro zai yi gumi, gumi kuma ruwan gishiri ne, yana iya haɗa layukan ya rage hasken, ban da ƙafafun ƙwai da za su iya karce goshi. Huda gefe da gefe ka ɗaura roba ko igiya. In ana so idon ya zauna a kunne ba sai an riƙe ba, a maƙale kunnen da abin shanya.

Hasken ƙwan tsinin allura ne, daga nesa ba ya cika ido. Don ya yi girma, kifa masa farin murfin robar ruwa ko na lemo ka liƙe, ko ka ja auduga siririya ka lulluɓe shi, sai duk idon ya ɗauki ja kamar garwashin da aka hura. Ƙwan ba ya zafi, audugar ba abin da zai same ta. A zagaye idon da gawayi baƙi ƙirin, a yi gira da igiyar rama, haƙora a goga musu alli.

Batir ɗaya, in sabo ne na kirki, yakan kai mu dare biyu ko uku da haske mai kyau in ana sakin kunnen tsakanin wasa da wasa, daga nan ya riƙa dushewa a hankali. Wanda ya bar abin shanya a maƙale ya kwana, da safe sai ya nemi wani.

Akwai gidajen da ba a son siffar fuska ko ta wasa ce, kuma ba sai an yi gardama da kowa ba. Layi biyun nan ba ruwansu da abin da aka zana a gaba. A yi jinjirin wata da tauraro, ko hasumiya mai fitila a ƙololuwa, a rubuta Barka da Sallah, a sa koren ƙwai, kusurwar katin ta zama makunni. Wata ƙanwata haka take yi da ɗalibanta na Islamiyya a goman ƙarshe.

Batirin nan da ƙananan yara

Na ce ba ya ja, ba ya ƙona ƙwai, amma yana da haɗari guda mai tsanani, kuma ban yarda kowa ya yi wannan aiki bai san shi ba. Girmansa daidai bakin yaro, yana ƙyalli kamar alawa. In yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi, yawu yana haɗa fuskokinsa biyu, ya fara ƙona naman wurin, cikin awa 2 yana iya yin mummunar illa, alhali yaron yana iya zama kamar lafiyarsa ƙalau da farko. Batirin da ake ganin ya mutu ma yana yi. In haka ta faru, ko ana zato kawai, a nufi babban asibiti nan take, a gaya musu batir ne don su ɗauki hoto. Daga Bompai asibitin Nassarawa ne kusa, ga kuma na Murtala da na Malam Aminu Kano. Kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara a zauna jira. In yaron ya haura shekara ɗaya kuma yana iya haɗiya, likitoci sun yarda a riƙa ba shi zuma ƙaramin cokali biyu duk minti 10 a kan hanya, kada ya wuce sau 6, amma neman zumar kada ya jinkirta tafiya.

Don haka ni a zaurena babba ne ke riƙe batir, a ƙirge nake fito da su, a ƙirge nake mayarwa. Gidan da ke da mai rarrafe, bayan an gama gwaji sai in naɗe kunnen da batirin da salatif gaba ɗaya, in zura 'yar takarda tsakaninsu wadda za a zare in za a kunna, a mayar in an gama. Wanda ya ƙare kuma a liƙe fuskokinsa biyu da salatif a ajiye a kwalba mai murfi inda hannun yara ba ya kai. Kada a jefa shi a murhu, fashewa yake yi, kada kuma a watsar a tsakar gida inda ake shara da yamma ƙananan suna bin tsintsiya.